Ɗan'uwan Zanen Lukuman

Kaset ɗin ya iso gidanmu a Gwandu sati uku bayan babbar salla, shekara guda da aka ba mu jiharmu ta Kabi. Hajiya Rabi maƙwabciyarmu ce ta zo da shi daga Makka, ƙulle a bakin gyalenta tare da ɗan dabino. Ta ce wata tsohuwa ce ta tare ta a bakin masallaci don ta ji Hausar gida a bakinta. Da ta tambayi garinsu aka ce Gwandu, sai tsohuwar ta nemi ƙasa ta zauna. Washegari ta dawo da kaset, ta ce a kai wa Hassana ta gidan Arɗo Mamman, in tana da rai.

Hassana ita ce uwarmu, Inno muke ce mata, ni kuma Hadijatu ce, 'yarta ta fari. Tsohuwar da ta aiko da kaset Huseina ce, wadda aka haife su rana ɗaya. Suna da shekara ashirin mijin Huseina ya sayar da shanunsa ya ce za su gabas aikin hajji, a ƙasa. Inno ta raka su har bayan gari tana goye da ni. Daga nan sai labari a bakin matafiya: an gan su a Barno, an gan su a Sudan suna noman auduga, mijin ya rasu, sai kuma shiru. Shirun ya kai shekara arba'in da biyar.

Muka aro rikoda, muka shimfiɗa tabarma a rumfa, aka danna. Murya ce 'yar siririya, can nesa, iska na kaɗa ta, ana jin ƙarar motoci a bayanta. Kafin ta gama gaisuwa duk mun jiƙe da hawaye. Inno kuwa fuskokinmu kawai take bi da kallo ɗaya bayan ɗaya, domin kunnenta na hagu ya mutu tun wani zazzaɓi da ta yi shekarun baya, na daman ma sai an sa baki a cikinsa an yi ihu. Muka ƙure ƙarar rikoda har ta fara karkarwa, muka manna mata ita a kunne. Ta ce ɓuruntu kawai take ji, kamar an saki kaji a cikin kwanon sha.

Sai na durƙusa na fara ƙwala mata abin da aka faɗa. Na ce Huseina tana da 'ya'ya huɗu, tana sayar da abinci, ƙafa na damunta, tana tambayar ko rijiyar bayan gida na nan. Inno ta bar ni har na gama, maƙogwarona ya bushe, sannan ta ɗauke kai.

"Ku kun ji ta. Ni labari kunka ba ni," in ji ta. "In labari nika so, ai Rabi ta riga ku. Muryatta nika so."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Ta karɓi kaset ta ƙulle a haɓar zanenta, da shi take salla, da shi take kwana. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kunnen da ya rage ɗin ma tafiya yake yi. Da farkon damina tana jin daka in ana yi kusa da ita. Kafin gero ya yi kai, sai na ga an buga taɓarya a gabanta ba ta ko waiwaya ba. Likitan da muka kai ta wurinsa ya riga ya gaya mana cewa ba abin da zai dawo, saura kawai mu lallaɓa abin da ya rage.

Autanmu Lukuman gyaran rediyo yake yi a Kalgo. Tun yana yaro ba a ajiye abu mai murfi kusa da shi, sai ya ga cikinsa. Mutum ne mai shiru da girman kai irin na masu shiru, in ya ce zai yi abu to kada ka tambaye shi yaya. Da ya zo ya ji kaset ɗin, ya ce ba ƙara ce matsalar ba. Muryar ce ta nutse a cikin iska da motoci, sai an tsamo ta an tace, an zuba wa Inno ita kai tsaye a kunne. Ya ce zai haɗa ɗan abin da zai yi haka.

Bayan kwana goma ya dawo da wani abu a cikin gwangwanin madara, wayoyi sun yi cirko-cirko kamar saƙar gizo. Ya haɗa da rikoda, ya sa wa Inno abin sauraro a kunne, ya kunna. Ko daga inda nake zaune na ji fiton da abin ya saki, wani siririn kuka mai shiga ƙwaƙwalwa. Inno ta fizge shi ta jefar, ta ce in kashe ta yake so ya yi, ya bari ta yi alwala tukuna. Na yi dariya har da riƙe ciki, ban kyauta ba, na sani. Lukuman ya tattara wayoyinsa ya koma Kalgo bai ko tsaya cin tuwo ba.

Sati uku ba mu ji ɗuriyarsa ba. Sai ga saƙo a bakin wani direba, wai Adda, wato ni yayarsa, ta zo ranar Laraba, ta taho da jan farce da tsinken aikinta. Ni mai ƙunshi ce. Amaren Gwandu da na Dodoru da yawa da hannuna suka tafi ɗakin miji, kuma ba yabon kai ba, ban taɓa jan layi ya karkace ba. Amma me jan farce zai yi a shagon rediyo? Na ce wa maigidana yaron nan ko dai ya fara taɓuwa. Duk da haka na shirya, don na san Lukuman ba ya neman taimako sai wuya ta kai masa iya wuya.

Na bi mota ta Birnin Kabi, na sauka Kalgo da hantsi. An yi ruwa da asuba, gari ya yi luf, fadama ta cika ta yi shar har inda ido ya tsaya, balbelu na tafiya a cikinta a hankali kamar ba su da wurin zuwa. Shagon nasa ɗan ɗaki ne a bakin hanya, rediyoyi jere har rufi, waɗansu a buɗe hanjinsu a waje. Biyu ko uku suna magana ƙasa-ƙasa, kowace da harshenta, ba mai sauraronsu. Wurin na warin dalma da gawayi.

Bayan gaisuwa ya ciro abu biyu daga cikin wani littafi. Na farko ɗan allo ne da bai wuce tafin hannuna ba, fuska ɗaya roba ce mai ruwan ƙasa, ɗayar an shafe ta da jan ƙarfe. Ya ce wani abokinsa da ke koyarwa a makarantar koyon sana'a ne ya ba shi, kuma shi ke nan guda ɗaya, in ya lalace sai an je Kano ko Legas. Na biyun takarda ce da aka zana wa layuka da ɗigo-ɗigo, ta sha gogewa har ta yi laushi. Ya ce wannan takardar ce ta cinye masa sati uku.

Ya yi mini bayani, ni kuwa na saurara, don ban taɓa jin ya yi doguwar magana haka ba. Ya ce wayoyin nan da suka yi cirko-cirko su suka jawo fito, domin hanyar da murya ke shiga tana gogar hanyar da take fita, sai abin ya riƙa jin kansa yana amsa wa kansa. Dole a raba su nesa, yadda ake raba rijiya da masai. A kan allon nan kuwa ba waya, layukan jan ƙarfe su ne wayoyin, kowane a kwance a wurinsa ba ya motsi. Layi ba ya tsallaka layi, in suka taɓa juna an gama. Wanda zai ɗauko wuta daga batir sai an yi shi da faɗi, kamar burtalin da garke ke bi, na murya kuma siriri kuma gajere. Ba a son kwana mai tsini, sai lanƙwasa. Kowane ɗigo nan za a huda a soka ƙafar wani abu, don haka a yi masa faɗi yadda dalma za ta sami wurin zama. Wuri ɗaya ya nuna mini da ya ƙi warwaruwa kwana biyar, layi biyu sun nace sai sun haɗu, har ya gano yadda zai bi da ɗaya ta tsakanin ƙafafun wani ɗan abu ya wuce.

Sai ya buɗe ƙullin takarda ya nuna mini wani baƙin abu kamar ƙwaro, mai ƙafa takwas, huɗu a kowane gefe. Ya ce shi ne zuciyar aikin, kuma kowace ƙafa da aikinta, in ta farko ta faɗa ramin ta takwas sai hayaƙi. Ya riga ya soka ƙafafun kayan duka a takardar, ramukan na nan daidai inda za su zauna. Abin da ya gagare shi shi ne jan layi. Duk inda jan farce ya rufe, jan ƙarfen zai tsira in an tsoma allon a ruwan da ke cinsa, sauran kuwa ya narke. Ya gwada hannunsa a bayan gwangwani sau bakwai, layukan na malalewa suna haɗuwa. Ya nuna mini gwangwanayen, na ce ko akuya aka tsoma wa ƙafa a fenti za ta fi haka tsari.

Bai yi dariya ba. Ya goge jan ƙarfen da toka da lemon tsami har ya yi ƙyalli, ya gargaɗe ni kada yatsana ya taɓa shi. Ya ce in aza takardar a kai in bi ramukan da allura in yi alama, sannan in ja layukan. Ana cikin haka aka aiko kiransa, lasifikar masallacin kasuwa ta ɗauke kuma azahar ta gabato. Ya ɗauki jakarsa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Adda, ga zane, ga allo. Ɗan'uwanshi za ki yi man nan bisa. Kar ki ƙara komi, kar ki rage komi."

Na ce ya tafi abinsa, ba yau na fara ba.

A wurinmu masu ƙunshi, in an gama hannun dama aka ce a yi ɗan'uwansa, kowa ya san abin da ake nufi. Furen da ya kalli babban yatsa a dama, babban yatsa zai kalla a hagu, yadda in amarya ta haɗa tafukanta kowane layi zai sami abokinsa ya kwanta a kansa. Ba wanda ya taɓa koya mini wannan da baki, kuma ban taɓa tunanin akwai wata hanya ba. Don haka na ɗauki takardar na kifa ta a kan jan ƙarfen, fuska da fuska, na bi ramukan da allura ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaga ta na jingine a gabana, na tsoma tsinke a jan farce.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Yayyafi ya dawo yana taɓa kwanon rufi a hankali, rediyoyin nan na ta ƙus-ƙus, wata na Larabci, wata na wani harshe da ban taɓa ji ba, suna zuwa suna komawa kamar ana buɗe ƙofa ana rufewa. Ina jan layi sai na ga kamar hanya nake shimfiɗawa. Ɗigon farko na ce Gwandu ce. Na ja siririn layi na kewaye wani ɗigo ban taɓa shi ba, na ce wannan garin ba su kwana a cikinsa ba. Na bi ta tsakanin ramuka biyu da ƙyar, numfashina a riƙe, na ga mace da ƙullin kaya a ka tana ratsa tsakanin duwatsu, mijinta na gaba da sanda. Ban san fuskarta ba, ina goye aka rabu, don haka na ba ta fuskar Inno. Faffaɗan layin nan na gefe na mai da shi kogi, na zaunar da ita a bakinsa tana wanke ƙafa. Da na kai ɗigon ƙarshe na ɗago kai, wuyana ya ƙage, rana ta fito, har an yi azahar ban ji kira ba.

Lukuman ya dawo ya karɓi allon ta gefe-gefe. Ya sa gilashin da yake duba ƙananan kaya da shi, ya bi tsakanin layukan yana neman inda suka taɓa juna ko inda jan farcen ya yi rauni. Bai samu ba. Ya ce, to, ba laifi, wanda a bakin Lukuman kirari ne. Takardar kuwa iska ta kaɗa ta ƙarƙashin benci, ba wanda ya neme ta.

Ya kawo wata tasar roba, ya ce kwanon ƙarfe ba ya ɗaukar wannan aiki, ruwan zai ci shi. Ya jiƙa wani gari da ruwan ɗumi ya zama kamar jiƙon kanwa mai duhu, ya tsoma allon, muka fita bakin ƙofa inda rana take. Ya riƙa jijjiga tasar a hankali, ruwan na tafiya yana dawowa. Da fari ba abin da ya faru. Can sai jan ƙarfen ya fara dusashewa daga gefe, yana janyewa kamar yadda ruwan fadama ke janyewa bayan damina, har ya rage tsibiri-tsibiri, su ma suka tafi. Na tsuguna ina kallo kamar a mafarki, ƙasa duk ta narke ta bar hanyoyi kaɗai a tsaye.  Wani mai jaki ya tsaya ya leƙa tasar, ya ga ba abin ci ba ne, ya wuce.

Ya tsamo shi da tsinke, ya ɗauraye sau uku, ya goge jan farcen da tsumma da ɗan tina, ruwan goge fenti. Layukan suka fito jajaye suna walƙiya. Wallahi ya yi kyau, ban taɓa yi wa amarya abin da ya kai shi ba. Lukuman har da murmushi. Ya duƙa ya lalubo takardarsa a ƙarƙashin benci, ya shimfiɗa ta kusa da allon don ya fara huda. Sai na ga murmushin ya tsaya. Ya dubi takarda, ya dubi allo, ya sake duban takarda.

"Adda, mi kinka yi?"

Na ce abin da ya sa ni.

"Wanga layin dama shike ga takarda. Ga shi hagu. Duk kin juye shi. Allo guda gare ni, Adda, guda!"

Ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba sai ranar. Ya ce sati uku sun tafi a banza, ya ce kafin a samo wani allon daga Kano kunnen Inno ya gama rufewa, ya ce laifinsa ne da ya ɗauko mai ƙunshi ya ba ta aikin ilimi. Wannan ta ƙarshen ce ta ƙona ni. Na miƙe na ce ɗan'uwansa ya ce in yi, ɗan'uwansa na yi, in kwafi yake so ai yana da baki. Ya ce ɗan'uwan abu ai irinsa ne sak. Na ware tafukana biyu a gaban hancinsa na ce ya duba da kyau, wanne ne irin wani sak a nan? Na ce ya je ya sa takalmin dama a ƙafa biyu ya zagaya kasuwar Kalgo in ya isa. Ina faɗa ina hawaye, rabi na haushi, rabi kuwa na tsoro, don a cikin raina na riga na ga Inno zaune da kaset a haɓar zane har ranar da za a ɗauke ta, kuma da hannuna na jawo.

Ya bar ni ina yi, ya koma bakin ƙofa ya zauna a kan dutse ya juya mini baya. Ni ma na zauna a benci na fara tattara tsinkayena. Ina kallonsa ta wutsiyar ido yana jujjuya allon a hannu kamar mai shirin jefa shi a kwata. Ya ɗaga shi sama saitin rana, fuskar robar na kallonsa, jan ƙarfen na kallon rana. Ya daɗe a haka. Sai ya miƙo hannu baya ba tare da ya waiwayo ba, ya ce in ba shi takardar.

Na kai masa, na tsaya a kansa. Hasken la'asar ya ratsa allon, inuwar layukan ta fito ta bayan robar, kuma ga ta nan daidai da takarda, dama a dama, hagu a hagu. Ni ban gane komai ba tukuna. Shi kuwa ya ɗauko baƙin ƙwaron nan mai ƙafa takwas ya aza a fuskar robar, ya bi ƙafafun da ido. Ashe ta fuskar roba ake soka kayan, ƙafafunsu su ɓullo ta wajen jan ƙarfe a liƙe su da dalma. Shi kuma duk sati ukun nan ta sama yake kallon kayansa yana zane, ya manta cewa layukan a ƙarƙashi za su kwanta. Da na kwafa masa sak yadda yake so, da ƙafa ta farko ta faɗa ramin ta takwas. Daga baya ya gaya mini abokin nasa har sau biyu ya ja masa kunne a kan a juya zane kafin a sa a allo, abin ya fita daga kansa.

A lokacin dai bai ce komai ba sai, "Miƙo man allurar keke."

Na ce ba zan miƙo ba sai ya gaya mini wanda ya yi kuskure. Ya sosa ƙeya, ya ce aikin ya yi daidai. Na ce ba ita na tambaya ba. Da ƙyar, yana kallon ƙasa, ya ce mai ƙunshi ta fi shi. Na ce ya ƙara da ƙarfi, kunnen gidanmu ba shi da kyau. Sannan na miƙa masa.

Da allurar keken ɗinki da ya fere bakinta ya huda ramukan, yana murza ta a hankali kada jan ƙarfen ya ɓamɓare. Ya soka kayan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora ƙarfen liƙinsa a gawayi, ya bi ƙafafun da dalma, kowane ɗigo ya yi tsaf kamar ƙwayar gero. Kafin magariba ya sa abin a cikin kwalin sabulu na roba, ya gwada da wani kaset na wa'azi. Ya saurara, ya cire ya sa mini. Ba fito, ba ɓuruntu, malamin kamar a kafaɗata yake zaune, har ina jin lokacin da yake haɗiyar yawu. Na kwana wurin matarsa, da safe muka kama hanyar Gwandu tare, kwalin sabulu a aljihunsa, hannunsa a kai har muka sauka.

Mun tarar da Inno a rumfa tana tsince wake. Da ta ga abin sauraro a hannun Lukuman ta ɗaure fuska ta ce ba ta yi alwala ba. Na durƙusa na yi mata ihu a kunne cewa wannan da hannuna a ciki. Ta dube ni, ba ta kiran sunana don ni ce ta fari, ta ce, to, in wagga ta sa hannu a gwada. Ta kwance haɓar zanenta da kanta ta ba da kaset. Lukuman ya sa mata abin a kunnen dama, ya danna rikoda, ya fara murɗa ƙara kaɗan-kaɗan yana kallon fuskarta.

Mu ba ma jin komai, sai kaset da muke gani yana juyawa. Hannunta na cikin wake, yana motsi, sai ya tsaya. Ta ɗan karkata kai. Idanunta suka bar mu suka tafi wani wuri can bayan katanga. Leɓenta ya motsa, sannan da ƙarfi, irin ƙarfin maganar wanda ba ya jin kansa, ta ce, "Wa alaikumus salamu. Lahiya lau. Lahiya lau, Huseina." Ta ɗan saurara, ta sake cewa, "Tana nan, ba ta ƙahe ba." Na gane an zo wurin rijiya.

Ta saurara har fuskar kaset ɗin ta ƙare, rikoda ta yi ƙas ta tsaya. Ba ta yi kuka ba, mu ne muke ta sharɓe. Ta zare abin daga kunnenta a hankali ta riƙe shi a tafin hannu tana kallo. Lukuman ya matso ya tambaye ta da ƙarfi ko ta ji sosai. Ta gyaɗa kai. 

"Da hwarko na aza Innarmu ce ka magana," in ji ta. Ta juyo ta dube ni kamar ni ce na ɓoye mata. "Ashe ita ma ta tsuhwa."

Ta ture faifan waken gefe, ta mai da abin kunnenta da kanta.

"Maido ta daga hwarko," ta ce wa Lukuman.